Daga ƙyauren aji zuwa jigo: yadda za a nuna wa yara ƙanana cewa kayan aiki na sauya motsin abu

Akwai abin da nake yi duk shekara idan na karɓi sabon aji a makarantar da nake koyarwa a gefen Argungu. Nakan kira yaron da ya fi kowa girman jiki, in ce ya tura ƙyauren aji da yatsa ɗaya, amma can kusa da bango, inda aka maƙala ƙyauren. Sai ya yi ta nishi, ƙyaure na tafiya da ƙyar. Daga nan in kira 'yar ƙaramar da ke layin gaba, in ce ita ma ta tura da yatsa ɗaya, amma a bakin ƙyauren, wajen mariƙi. Ƙyaure ya rufu salin-alin. Aji ya kaure da dariya, babban yaro ya tsuke fuska, wani daga baya ya ɗaga murya: "Malam, mi yas sa?"

Wannan tambayar nake nema. In ta fito daga bakin yaro, sauran aikin mai sauƙi ne. In kuwa ni na fara cika allo da sunaye, za su haddace su rera mini kamar karatun allo, gobe in ba su katako da dutse su tsaya suna kallona. Abin da zan zayyana a nan malami zai iya yinsa a aji, uwa ko uba ma za su iya yinsa a tsakar gida, da yara 'yan shekara 5 zuwa 9.

Abin da ake so ya zauna a kan yaro

Kayan aiki abu uku suke yi wa motsi, kuma dukkansu hannu na jin su. Ko su rage ƙarfin da za ka sa, ko su juya inda motsin ya nufa, ka danna ƙasa kaya su tashi sama, ko su ƙara wa motsin sauri da nisa. Sai abu na huɗu, wanda shi ne ƙashin bayan darasin: ba kayan aikin da ke ba da sauƙi kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In ƙarfi ya ragu, to hannunka zai yi tafiya mai tsawo. In ka samu sauri, ka biya da ƙarfi. Yaranmu sun san ciniki tun kafin su san baƙi da wasali, domin kullum ana aikensu sayen kuka da daddawa. Saboda haka bayan kowane gwaji tambaya biyu nake yi: "Me muka samu? Me muka biya?" Ka riƙe tambayoyin nan, za su dawo a kowane mataki.

Kayan da za a tara ba sa buƙatar zuwa kanti: katako mai santsi mai tsawon kamar mita 2 da wani gajere, guntun icce mai kauri, gwangwanayen madara guda 6 iri ɗaya cike da yashi, jarka, bokiti mai mariƙin waya, igiyar shanya, robar ɗaure kuɗi, karan dawa, laka, alli, marafan kwalba ko tsofaffin silifas. A yi da safe ko a inuwar dogon yaro. A watannin Maris da Afrilu ƙarfen da ya wuni a rana a Kebbi yana iya ƙona tafin hannun yaro. Idan aji babba ne, a raba su biyar-biyar ko shida-shida, kuma a tabbata 'yan mata sun riƙe katako da igiya da hannunsu, kada a bar su da riƙon alli kawai.

Mataki na farko: turawa da ja

Wannan ba ya cin lokaci. A ajiye gwangwani a ƙasa, a tambaye su ko zai motsa da kansa. A sa su tura shi, su ja shi, su tare shi yana gangarawa, su kauce da shi gefe. Abin da ake so su faɗa da bakinsu shi ne abu ba ya fara tafiya, ba ya tsayawa, ba ya sauya hanya sai an tura shi ko an ja shi. Minti 10 sun isa.

Mataki na biyu: a yi ma'auni

"Ya fi sauƙi" magana ce da yara za su yi ta gardama a kai har a tashi, musamman maza, waɗanda ba sa yarda wani abu ya yi musu nauyi. Sai a kawo alƙali. A ɗaura robar ɗaure kuɗi a jikin gwangwani, a ɗaga shi da ita, a auna tsawon da robar ta miƙe da rula ko da tsinke. In ta miƙe sosai, ƙarfi mai yawa ake sawa. In ta miƙe kaɗan, ƙarfi kaɗan ne. Wanda ya samu aron sikelin rataye irin na masu sayen ƙarafuna, ya fi. Roba ba ta ba da lamba daidai, don haka kada a nemi ƙididdiga a wurinta, a tsaya kan "ta fi miƙewa" da "ba ta kai ɗazu ba". A ninka ta biyu in gwangwanin ya yi mata nauyi, kuma a nisanta ta daga idon yara.

Tun daga nan a kafa doka ɗaya: kafin kowane gwaji, kowa ya faɗi abin da yake zaton zai faru. Masu cewa zai yi sauƙi su tsaya dama, masu cewa zai yi wuya su tsaya hagu. Yaron da ya ci kuskure a zatonsa ya fi riƙe darasin fiye da wanda aka gaya wa amsa.

Mataki na uku: sanda da matokari

Nan ne nake daɗewa, wani lokaci kwana uku, domin in wannan ya zauna sauran duk rassansa ne.

A cika jarka mai lita 25 da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan kilo 25 ne a gabansu. A bar su su gwada ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an bar kowa ya takura bayansa ba. Sannan a shimfiɗa dogon katako, a ɗaure jarkar a kan baki ɗaya, a cusa guntun icce a ƙarƙashin katakon kusa da ita. Wannan guntun iccen shi nake kira matokari, tunda shi ya tokare. A kira mafi ƙanƙanta a cikinsu ya danna ɗaya bakin. Jarka za ta tashi, ido zai fito.

Kada a yi bayani tukuna. A matsar da matokari zuwa tsakiya, a sake dannawa. Ya yi nauyi. A ƙara matso da shi kusa da hannun mai dannawa. Yanzu ko ya hau da jikinsa duka jarka ba ta kula shi. A mayar da shi wurin farko. Kowane yaro ya taɓa dukkan wurare ukun, domin wannan ilimi ne da ke shiga ta dantse.

Ga lissafin, don malami ya san abin da ke faruwa. Idan katako mita 2 ne, matokari yana santimita 40 daga jarka, to ɓangaren hannu santimita 160 ne, wato ninki 4. Ƙarfin da ake buƙata zai zama kashi ɗaya cikin huɗu, kamar ɗaukar kilo 6 da 'yan ɗoriya. Yanzu sai tambayar ciniki. A sa yaro ɗaya ya riƙe tsinke a gefen jarka ya ga iya tashinta, wani ya riƙe kara a gefen hannu ya ga iya saukarsa. Jarka ta tashi santimita 5, hannu ya sauka santimita 20. Mun samu sauƙi ninki 4, mun biya da tafiya ninki 4. A nan sai a koma kan ƙyauren ranar farko, a bar su su gano da kansu cewa yatsan yarinyar ya yi tafiya mai nisa fiye da na babban yaron.

Washegari a yi wasan daidaito. A ɗora katako a kan matokari daidai tsakiya har ya tsaya ba ya rinjaya, a zana layuka da alli taƙi ɗaya-ɗaya daga tsakiya zuwa kowane gefe. Gwangwani 2 a layi na 2 ta hagu. Tambaya: ina za a ajiye gwangwani 1 ta dama ya daidaita su? Za su gwada layi na 2, na 3, har su kai na 4. Sai a canza: gwangwani 3 a layi na 2, a nemi inda 2 za su zauna. Amsa layi na 3. Manyan yara da suka fara haddar sau za su hango cewa 2 sau 2 daidai yake da 1 sau 4, kuma 3 sau 2 daidai yake da 2 sau 3. In ba su hango ba, a bar su, shekara mai zuwa na nan. Wannan ƙa'ida Arkimidis na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta hujjarta. Yara na son jin cewa abin da suka gano da gwangwanin madara wani babban masani ya taɓa zama ya yi tunani a kansa.

Rana ta uku ta jigo ce. Injin ban-ruwa ya kori jigo daga yawancin fadamun da ake noman shinkafa da albasa a Kebbi, har akwai yaran da ba su taɓa ganinsa ba, alhali kakanninsu da shi suka yi lambu. In akwai dattijo a unguwa da ya yi aiki da shi, a gayyato shi. Na taɓa yin haka, tsohon ya dubi ɗan jigon da muka haɗa ya ce, "Ɗana, lakar ga ta yi kaɗan, ƙara mata." Gaskiyarsa ne kuwa.

Ga yadda ake haɗa ƙarami. A kafa gwafa a ƙasa, tsawonta kamar kamu ɗaya. A ɗora dogon kara ko siririyar gora a bakin gwafar, ɓangare ɗaya gajere, ɗaya dogo, a ɗaure sako-sako yadda zai iya sunkuyawa ya miƙe. A bakin dogon a rataya gwangwanin tumatir da zare. A bakin gajeren a manna curin laka. A ajiye kwanon ruwa a matsayin rijiya. Yaro zai ja zaren ƙasa har gwangwani ya nutse ya cika, sannan ya sassauta, laka ta ɗago masa ruwan. A bar su su yi ta ƙara laka suna ragewa: in ta yi yawa, saukar da gwangwani ya zama aiki, ruwa kuma ya fantsale in ya taso, in ta yi kaɗan, ba ta ɗagowa. Abin lura a jigo shi ne mai aiki ƙasa yake ja, inda nauyin jikinsa ke taimakonsa, maimakon ya sunkuya ya ɗago da bayansa. An juya wa motsi fuska. Manoman bakin kogin Nilu a Masar suna amfani da irin wannan dabara fiye da shekara 3000.

Daga nan sai farauta. A sa su zagaya gida ko makaranta su nemo duk abin da ke da matokari. Almakashi, filaya, guduma in ana zare ƙusa da ita, cokali in ana ɓalle marfin gwangwani. Baro ma yana ciki, sai dai shi matokarinsa tayar ce, kaya kuma suna tsakanin taya da hannu. A sa jarka kusa da taya a ɗaga, a matso da ita kusa da mariƙi a sake ɗagawa. Duk ɗan dako a kasuwar Jega ya san amsar ba tare da an koya masa a aji ba.

Akwai kuma masu yin ciniki ta ɗaya fuskar, su karɓi ƙarfi su ba da sauri. A kwantar da cokali a kan fensir, fensir ɗin kusa da bakin da ake ɗiba da shi, a sa ƙwayar gyaɗa a bakin mariƙinsa, a bugi ɗaya bakin da hannu. Hannu ya sauka kaɗan, gyaɗa ta yi sama. Haka doguwar sanda take in ana kaɗo mangwaro: wuyan hannu ya ɗan motsa, bakin sanda ya share fili. Dogon ƙotar gatari ma amfaninsa ke nan.

Mataki na huɗu: gangare

Yaran da ke kusa da tasha sun sha ganin ana tura babur ko duro a kan katako zuwa bayan a-kori-kura. A fara da wannan hoton: me ya hana a ɗaga babur ɗin kai tsaye?

A ɗaura roba a gwangwani, a ɗaga shi tsaye daga ƙasa zuwa kan benci, a auna miƙewar roba. A jingina gajeren katako a bencin, a ja gwangwanin a kansa, a auna. A musanya da dogon katako, a sake aunawa. Roba ta fi hutawa a kan dogon. Me muka biya? A auna da taƙi: tsaye taƙi 2 ne ko 3, ta dogon katako kuwa taƙi 10. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ga malami: katako mai mita 2 da ya hau santimita 50 yana mayar da ƙarfin kashi ɗaya cikin huɗu, in da babu gogayya tsakanin kaya da katako.

Amma gogayya tana nan, kuma ta taɓa kunyata ni a gaban aji. Na kawo katako mai kaushi, gajere, na jingina shi a tsaye sosai, roba ta miƙe kusan daidai da ɗagawa tsaye, yara suka ce ba wani bambanci. Sun yi gaskiya. Don haka a gwada a gida tukuna, a zaɓi katako mai santsi, ko a ɗora gwangwanin a kan 'yar mota mai taya. In kuma abin ya ƙi a gaban yara, kada a murɗe sakamako. A tambaye su me ke riƙe gwangwanin, su shafa katakon da tafinsu.

Sai a juya gwajin, a koma saukowa. A saki gwangwani a kwance daga saman katako, a zana alli inda ya tsaya. A ƙara tsayin wurin jingina, a sake saki. Ya fi nisa. Sannan a bar tsayin yadda yake, a canza ƙasan da zai gangara a kai: siminti, tabarma, yashi. A yashi ko taki biyu ba zai yi ba, kuma duk yaron da ya taɓa tura keke a rairayin unguwa zai ce ya sani. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. In an canza tsayi an kuma canza ƙasa, ba wanda zai san wane ne ya jawo bambancin. Yara sun fi gane wannan in an kira shi adalci: tsere ne, ba a yarda wani ya fara daga gaba ba. Kuma a saki kawai, ban da turawa, domin akwai masu ɗan taimaka wa gwangwaninsu da yatsa.

Mataki na biyar: taya

A cika kwali da littattafai, a ja shi da roba a kan tebur. A jera fensira ko gutsattsarin kara masu kauri ɗaya a ƙarƙashinsa, a sake ja. Sauƙin a fili yake, amma nan da nan matsala za ta bayyana: karan na fita ta baya, sai an riƙa ɗaukowa ana mayarwa gaba. A bar su su ɗan wahala da wannan, sannan a tambaya yaya za a yi karan ya riƙa bin kwalin. Wani zai ce a soke shi a jiki. Ya ƙirƙiro taya da sandarta ke nan.

A nan yara sun fi mu iyawa. Motar kara da motar langa-langa ba baƙinsu ba ne. A bar kowace ƙungiya ta ƙera tata, da tayoyin sakaina ko silifas ko marfin kwalba, babba ya huda musu ramukan. Sai malami ya shigo da ɓarna da gangan: mota ɗaya a yi mata taya mai kusurwa huɗu, wata a huda ramin tayarta a gefe maimakon tsakiya. Ta farko za ta yi ta tsalle ko ta ƙi tafiya, ta biyu ta yi ɗingishi. Dariyar da za su yi ita ce bayanin dalilin da ya sa taya take zagayayya, sanda kuma take tsakiya. A shafa alli a wuri ɗaya a bakin babbar taya da ƙarama, a gangara kowace juyi ɗaya, a ga wadda ta fi nisa.

Taya ba ta tafiya kaɗai ba ce. Kan famfo, sitiyari, mariƙin sukudireba, hannun injin taliya, duk babban zagaye ne ke juya ƙaramar sanda. A cire hannun injin taliya a ce su juya da yatsu, su ji. In akwai keken ɗinki na ƙafa a gida, a zaunar da yaro a gefe ya bi motsin da ido: ƙafa na hawa da sauka, babbar taya na juyawa, igiya ta kai juyin sama, allura ta koma hawa da sauka cikin sauri. Ban san wani abu a gidan Bahaushe da ya fi wannan nuna yadda ake sauya motsi ba. Keken hawa kuma a kifa shi, a sa alli a tayar baya, babba ya juya feda sau ɗaya a hankali, yara su ƙirga juyin taya. Manya su ƙirga haƙoran farantin gaba da na baya: in na gaba 44 ne na baya 22, juyi 2 za a samu. Hannun kowa a bayansa yayin da sarƙa ke tafiya.

Mataki na shida: igiya

Ba a yin wannan a bakin rijiya, ko da wasa. Reshen itace mai ƙarfi da bokiti sun wadatar.

A sa yashi kaɗan a bokiti, a jefa igiya ta kan reshe, a ja ƙasa, bokiti ya tashi. Kamar jigo, an juya fuska, amma nauyi bai ragu ba, har ma igiyar na cijewa a jikin reshen. Wannan cizon shi ke sassaƙa kwari a iccen bakin tsohuwar rijiya. A zura waya mai kauri a kwarkwaron zare wanda ya ƙare, a rataye shi, a bi da igiya ta kansa, a saka ƙaramin kaya: yanzu tana tafiya sumul. Irin wannan 'yar tayar ce a saman sandar tuta, shi ya sa ɗalibi ke tsaye a ƙasa tuta na hawa.

Don a rage nauyi sai an sauya ɗauri. A ƙulle bakin igiya a reshe, a zuro ta ta ƙarƙashin mariƙin bokiti, a ja ɗaya bakin sama. Yanzu igiya biyu ke riƙe da bokitin, reshe ya ɗauki rabi, yaro ya ɗauki rabi. Farashin: kafin bokiti ya tashi kamu 1, sai an ja igiya kamu 2. A sa alama da alli a auna.

Sai wasan da yarana ke roƙo a maimaita. Manyan yara biyu su tsaya fuska da fuska, tsakaninsu taki biyu, kowanne riƙe da sanda mai santsi ko bututun roba a kwance. A ƙulla igiya a sanda ɗaya, a zagaya ta ɗayar, a dawo, a sake zagayawa sau uku ko huɗu. Ƙaramin yaro ya ja bakin igiyar, manyan su yi ƙoƙarin hana sandunan haɗuwa. Ba za su iya ba. A sa su riƙe can gefe, nesa da inda igiya ke gogawa, kuma a ja a hankali. Bayan an gama shewa, a nuna musu tulin igiyar da ƙaramin ya tara a gabansa. Kuɗin da ya biya ke nan.

Mataki na bakwai: tsini da murɗi

Waɗannan biyun 'ya'yan gangare ne, ba na daɗewa a kansu. A ba su curin laka da kara biyu, ɗaya mai dakusasshen baki, ɗaya an fiƙe shi kamar bakin gatari. Su danna kowanne. Mai kaifin na shiga, laka na buɗewa hagu da dama: ka tura ƙasa, abu ya rabu gefe. Gatari, wuƙa, allura, haƙoran gaba, har da gaban kwalekwalen da ke tsaga ruwan kogin Matan Fada na Argungu. Wuƙa da gatari nuna su ake yi daga nesa, ba a miƙa su.

Murɗi kuwa, a yanka takarda mai kusurwa uku kamar gangare, a ja layi da biro a dogon gefenta, a naɗe ta a jikin fensir. Layin zai fito kamar zaren noti. A ba su ƙusa mai zare da notinta, su ƙirga juyi nawa za su yi kafin noti ya matsa faɗin yatsa ɗaya. Juyi da yawa, tafiya kaɗan, ƙarfi mai yawa. Da haka direba ɗaya ke ɗaga mota da jak in taya ta yi faci.

Ranar gwada su

Ba na ba da jarrabawar takarda a kan wannan sai na yi ta hannu. Nakan ajiye jarka rabin cike a ƙasa, in zube katako da igiya da kara da guntun icce a gefe, in ce wa kowace ƙungiya ta kai jarkar kan benci, ba a yarda a rungume ta ba. Wasu za su yi gangare, wasu su nemi reshe, wasu su haɗa gangare da kara a ƙarƙashi. In sun gama, ɗaya daga cikinsu ya zana abin da suka yi a ƙasa ko a allo, da kibiya biyu: inda hannu ya nufa da inda kaya suka nufa. Sannan su amsa tambayoyin nan biyu na ciniki. 'Yan shekara 5 da 6 in sun iya cewa "nan ya fi sauƙi" suka nuna wurin da yatsa, ya isa. Daga 7 zuwa sama nake neman su faɗi abin da aka biya.

Sai a wannan rana nake buɗe littafin kimiyya da fasaha, in rubuta sunayen Turanci da za su gamu da su a jarrabawa, kowane suna a gefen zanen da su suka yi. Aikin gida kuma guda ɗaya ne: kowa ya tambayi wani babba a gidansu, mai faskare ko mai ɗinki ko mai tura kurar ruwa, wane kayan aiki ne in aka ƙwace masa aikinsa zai tsaya, ya zo ranar Litinin ya nuna mana inda ake riƙewa da inda yake motsi.